Yadda Zaka Koyi Aikin Haɗa Haƙori a Lab, Daga Sassaƙar Sabulu Har Zuwa Lasisi

Idan ka taɓa ganin dattijon da haƙoransa suka zube kumatu suka loɓa, yana magana yana kare baki da hannu, in an kawo nama a wajen suna sai yace ya ƙoshi, sannan bayan 'yan makonni ka sake ganinsa an saka masa haƙorin roba yana dariya baki buɗe, toh ka ga aikin da nake so in yi maka bayaninsa. Likitan haƙori shi ake yiwa godiya kuma ya cancanta, shi ya duba bakin ya ɗauki awo ya saka, amma ba shi ya ƙera haƙoran ba. Akwai wani can ciki a ɗakin da mara lafiya baya shiga, gabansa wutar gas da kaki da filasta da 'yan ƙananan wuƙaƙe, shi ya zauna ya jera haƙoran nan ɗaya bayan ɗaya har suka dace da bakin mutumin da wataƙila bai taɓa ganin fuskarsa ba. Sana'ata kenan, kuma ƙannena maza da mata suna yawan tambayata ta ina ake shiga, shi yasa na ga gara in zauna in faɗi abin yadda yake.

Abu na farko da yake jefa yaranmu cikin asara shine sunan kwas, duk abinda aka ji kalmar dental a jikinsa sai a ɗauka abu ɗaya ne. Likitan haƙori daban yake, shi digirin BDS yake yi a jami'a kamar Bayero ta Kano ko jami'ar Maiduguri, kuma hukumar likitoci ta MDCN ce take masa rajista. Akwai mai wanke haƙori da kankare dattin da ya daskare a gindinsa da koya wa mutane tsaftar baki, kwas ɗinsa Dental Therapy. Akwai mai tsayawa kusa da likita yana miƙa masa kaya yana kula da dafa kayan aiki, wannan shine Dental Surgery Technician wanda makarantun koyon aikin lafiya na jihohi da yawa suke yi, kuma waɗannan biyun hukuma ɗaya ce take kula da su. Namu kuwa sunansa Dental Technology, hukumar da take mana rajista ita ce Dental Technologists Registration Board of Nigeria wato DTRBN wadda aka kafa da doka mai lamba 43 ta shekarar 1987. Ka riƙe wannan sunan da kyau tun kafin ka taɓa fom. Na ga wadda ta yi shekara guda cur a makaranta tana jiran ranar da za'a fara koya musu haɗa haƙori, ashe kwas ɗin da ta shiga na taimakawa likita ne, duk sana'o'i ne masu mutunci amma ba shi ta je nema ba, kuma kuɗin mahaifinta sun riga sun tafi.

Toh kafin ma mu je ga JAMB, akwai jarabawar da nake so ka yiwa kanka a gida wadda ba zata ci maka ko dubu biyu ba. Ka sayi sabulun wanki na sanda mai tauri, ka yanka shi gunduwa gunduwa kamar tsawon ɗan yatsa, ka samu ƙaramar wuƙa mai tsini, ka ɗauki madubi ka kalli haƙorinka na gaba na sama da kyau, sannan ka sassaƙa irinsa a jikin sabulun. Zaka ɗauka abu ne mai sauƙi tunda haƙorin gaba kamar ɗan allo yake, sai ka fara zaka gane cewa ba murabba'i bane, kusurwar da take ta tsakiyar baki tafi kaifi, ta gefe kuma ta ɗan zagaye, gabansa yana da ɗan tudu, bayansa yana da ɗan kwari kamar cikin cokali, wuyansa kuma ya tsuke inda ya shiga dasashi. Na farko bazai yi kyau ba, na kowa ma baya yi, ba shi nake so ka duba ba. Abinda nake so ka duba shine in ka yi na biyar ka ajiye kusa da na farko akwai bambanci, kuma lokacin da kake yi ɗin ka manta da wayarka ko kuwa duk minti biyu sai ka miƙe ka ji kamar an ɗaure ka. In ka ga awa biyu ta wuce baka sani ba kuma ranka yana so ka sake yanko wani sabulun, wallahi aikin nan zai karɓe ka. In kuwa zaman ya zame maka azaba, babu laifi a ciki, Allah bai yi mu iri ɗaya ba, ka nemi wani fannin lafiyar da ake zirga zirga, domin wannan aikin zama ne a kujera ɗaya kai a sunkuye daga safe har la'asar kana faɗa da abinda bai kai rabin milimita ba. Bahago ba matsala bane, na ga bahagwai masu hannu kamar me. Abinda ya kamata ka gwada kuma shine ido, in kana da matsalar bambance launuka ka je asibitin ido a duba ka, domin zaɓen kalar haƙori rabin aikin ne.

Maganar takardu bata da tsawo. Kiredit biyar a WAEC ko NECO, Turanci da lissafi da fizik da kemistiri da bayoloji, kuma yawancin makarantu basa karɓar fiye da zama biyu. A JAMB zaka zana Turanci da fizik da kemistiri da bayoloji. In kana aji biyar ko shida na sakandare yanzu, kemistiri da fizik ɗin nan kada ka yi musu karatun cin jarabawa kawai, zaka sake haɗuwa da su ranar da roba ta fito maka da ramuka kana neman dalili.

Hanyoyin karatun biyu ne. Akwai hanyar difiloma, ND shekara biyu, ka fita ka yi shekara guda ta sanin makamar aiki wadda muke cewa IT, ka dawo ka yi HND shekara biyu. Akwai kuma hanyar digiri wadda take cin shekara biyar, kamar wadda jami'ar fasaha ta tarayya da take Owerri wato FUTO take yi. Uwar makarantun wannan fanni a Najeriya ita ce ta tarayya da take unguwar Trans-Ekulu a Enugu, an fara ta a Legas a 1955 aka mayar da ita Enugu a 1982, kuma 'yan shekarun nan an ɗaga darajarta ta zama jami'a. Manyan wannan sana'a da yawa daga can suka fito. Nasan iyaye da yawa a nan Arewa in suka ji Enugu ko Owerri sai gabansu ya faɗi musamman in 'ya mace ce, kuma ban ga laifinsu ba, amma gaskiya ƙin fita da muke yi yana cikin abinda yasa mu 'yan Arewa ba mu da yawa a aikin nan, alhali bakunan da suke buƙatar aikin suna nan cike da garuruwanmu. In ka tambaye ni wacce hanya tafi, zan ce in kana da hali kuma makinka ya kai ka yi digiri, saboda tsohon rikicin nan na HND da digiri a aikin gwamnati bai mutu ba har yau, amma a kan tebur ɗin aiki babu likitan da zai tambayi takardarka, abinda ka aiko masa kawai zai duba ya shiga baki ko bai shiga ba.

Yanzu kwalejojin lafiya masu zaman kansu sun yi yawa, kowacce ta buga fosta ta jera kwasa kwasai, toh anan zaka yi taka tsantsan. Duk makarantar da zaka shiga, ta gwamnati ce ko ta kuɗi, a Kudu take ko nan kusa da gida, ka tabbatar da abu biyu kafin ka biya ko sisi: hukumar NBTE mai hedikwata a Kaduna ta amince da kwas ɗin in difiloma ne, ko NUC in digiri ne, sannan ita DTRBN ɗin ta amince da shi. Kada ka tsaya ga maganar wanda yake sayar da fom, ka tuntuɓi hukumar da kanka ka tambaya. Kuma ka je makarantar da ƙafarka kace a nuna maka lab ɗin ɗalibai, ka ƙirga kujerun aiki, ka duba akwai gas a kan teburan, akwai injin gurza, akwai tanderu, ka samu wani ɗalibi a waje ka tambaye shi haƙorin roba nawa ya gama da hannunsa tun da ya shigo. In yana shekara ta biyu yace bai taɓa yi ba sai kallo, ka kama hanyar gida. Bayan ka shiga kuma ka bibiyi maganar indeksin, wato shigar da sunanka a rajistar ɗalibai ta hukuma, domin in ba'a yi maka ba zaka gama karatu ka tarar babu sunanka a inda za'a baka lasisi.

Shekarar farko yawanci karatun jiki ne da siffar haƙori da sanin kayan aiki. Zaka haddace haƙora 32 na babban mutum, kowanne da lambarsa, a tsarin da aka fi amfani da shi an raba baki gida huɗu, sama dama 11 zuwa 18, sama hagu 21 zuwa 28, ƙasa hagu 31 zuwa 38, ƙasa dama 41 zuwa 48, ta yadda in likita ya rubuto maka 36 kasan turmin farko na ƙasa ta hagu yake nufi, kuma kasan tudu biyar ne a kansa yayin da na sama huɗu ne wani lokacin da ɗan ƙarami na biyar a gefen ganɗa. Sai an rufe maka ido an saka maka haƙori a tafin hannu ka faɗi sunansa da ɓangarensa, a lokacin ne ka fara iyawa. Sassaƙar nan da ka yi a sabulu zaka ci gaba da ita a kaki da filasta har yatsunka su yi kanta.

Inda nake so in daɗe shine haƙorin roba na baki gaba ɗaya, domin shine gishirin aikin, wanda ya iya shi da kyau sauran zasu zo masa da sauƙi, kuma shi ne abinda talakanmu yafi buƙata. Likita zai ɗauki awon baki da wani gari da ake damawa mai suna aljinet, mu imfireshon muke ce wa awon, ya aiko maka. Da ya iso zaka wanke shi ka kashe masa ƙwayoyin cuta sannan ka zuba masa filasta nan take, kuma kalmar nan take ɗin nan da gaske nake, domin aljinet ruwa ne yafi yawa a jikinsa, in ka bar shi a kan tebur lokacin hunturu iskar nan mai busar da leɓe zata tsotse shi ya tsuke, in kuma ka jiƙa shi cikin kwano ya sha ruwa ya kumbura, ko wanne aka yi bakin da zaka samu ba na mutumin bane. In dole sai ya jira, ka lulluɓe shi da auduga mai danshi ka saka a leda. Wajen dama filasta ka saba da awo tun kana ɗalibi, filasta fara irin ta fi'ofi kamar ruwa mililita 50 ne ga giram 100, mai tauri da muke cewa siton kuma kamar 30 ne, garin ake barbaɗawa a cikin ruwa ba ruwa a kan gari ba, kuma a hankali zaka zuba ta gefe ɗaya kana girgizawa don kada iska ta maƙale ta bar maka rami. Littattafan da zaka karanta yawanci a ƙasashen sanyi aka rubuta su, basu san zafin watan Afrilu a Sokoto ko Maiduguri ba, lokacin da ruwan famfo da kansa yake da ɗumi filasta ta kama tun kana damawa kakin da ka jera haƙora a kai kuma ya yi laushi haƙoran su gusa ba ka sani ba, shi yasa zaka koyi ajiye ruwan randa ko na kula a kusa da kai, ka kuma daina barin aikin kaki kusa da taga ko a cikin but ɗin mota.

Daga wannan modal na farko, wato siffar bakin da ta fito a filasta, zaka ƙera tire na musamman wato ɗan farantin ɗaukar awo daidai bakin mutumin, likita ya sake ɗaukar awo na biyu wanda yafi fitar da komai, ka zuba shi da siton, ka gina masa katangar kaki sama da ƙasa, likita ya saka a baki ya auna yadda muƙamuƙan suke haɗuwa da tsayin fuska da inda tsakiyar leɓe yake, ya dawo maka da shi ka ɗora a kan wani ƙarfe mai buɗewa da rufewa kamar muƙamuƙi da ake kira atikuleta. Anan ne zaka jera haƙora, yawanci 28, kana narkar da kaki da wuƙa mai zafi kana dasa su ɗaya ɗaya, na gaba don kyau da magana, na baya don tauna, kuma dole su zauna a kan tudun dasashi yadda in ya ciji abu ta dama haƙorin ba zai ɗago ta hagu ba. Sai a gwada a baki tun yana kaki, in akwai gyara a yi shi yanzu domin bayan nan babu komawa baya.

Sai dahuwa. Zaka binne aikin cikin filasta a wani akwatin tagulla mai rabi biyu da muke cewa filas, ka saka a ruwan zafi kakin ya narke ka wanke shi tas, haƙoran su tsaya a maƙale a filasta, gurbin kakin kuma ya zama fanko. Wannan fankon zaka cika da roba wato akirilik, gari ne da ruwa mai ƙarfin wari, kamar kashi uku na gari ga kashi ɗaya na ruwa. In ka haɗa su da farko zai yi kamar jiƙaƙƙen yashi, sai ya koma yana yauƙi kamar miyar kuɓewa in ka taɓa yana bin yatsa, sai ya zama kamar kwaɓin fulawa baya kama hannu, toh wannan lokacin ne naka, in ka bari ya wuce ya zama kamar robar taya ka yi asara. Ka cusa, ka rufe, ka matse da abin matsa, ka dafa. Kuma dahuwar bata son gaggawa, hanyar da tafi ita ce ruwa mai zafin digiri 74 na kamar awa takwas, ko awa biyu a haka sannan awa ɗaya a tafasa. Dalili kuwa shine ruwan robar yana tafasa ne da ya ɗan haura digiri 100, kuma ita robar in ta fara kamawa tana fitar da nata zafin, in ka jefa filas kai tsaye cikin tafasasshen ruwa zafin ciki zai wuce haka ruwan ya zama tururi ya bar ƙananan ramuka a inda robar tafi kauri. Wannan ya taɓa faruwa da ni ina sabon hannu, an matsa min da cewa mai haƙorin daga ƙauye ya zo kuma motarsu zata tashi, na ƙara wuta, da na buɗe sai na ga cikin robar kamar soso, dole dattijon nan ya koma gida babu haƙori ya sake biyan kuɗin mota ya dawo wani satin, har yau in na tuna fuskarsa lokacin da aka faɗa masa raina yana ɓaci, kuma tun daga ranar ban sake yarda wani ya gaggauta min tukunya ba. In ya dahu ka bari ya huce da kansa, ka fasa filastar a hankali, ka gurje gefuna, ka goge da garin dutsen goge da muke cewa famis har ya yi sheƙi yadda harshe bazai ji ƙaiƙayi ba kuma abinci bazai maƙale ba.

Aikin ƙarfe shi kuma wata duniya ce, hular da ake kifawa a kan haƙorin da ya lalace wato kurawun, da gada da ake yi don cike giɓi, da firam ɗin kobal da kuromiyam na haƙorin da ake cirewa. Zaka siffanta abin da kaki, ka binne shi cikin wani gari mai jure wuta, ka ƙona a tanderu kakin ya ƙone ya bar gurbi, ka narka ƙarfe ka cilla shi cikin gurbin, dabarar nan ce dai da maƙeran Ife da Benin suka yi kawunan tagulla da ita ɗaruruwan shekaru da suka wuce, bambancin kawai namu dole ya zauna a kan haƙori babu ko ɗan tsaga. Daga nan sai ɗora tangaran a kai da ɗan buroshi, hawa hawa, ana gasawa a zafin da ya haura digiri 900. Akwai lanƙwasa waya don faranti mai daidaita haƙoran yara, wayar milimita 0.7 zata huda maka yatsa sau da yawa kafin ta bi umarninka.

Akwai kuma fannin da nake roƙon duk mai zuciya ya duba shi, wato gyaran fuska da muƙamuƙi. Mutumin da aka yanke masa rabin ganɗa saboda ƙari, in ya sha ruwa ta hanci yake fitowa maganarsa ma ba'a ganewa, kai zaka ƙera masa marfin da zai toshe wajen ya koma cin abinci cikin iyalinsa. Jaririn da aka haifa da tsagaggen ganɗa ana masa ɗan faranti don ya iya shan nono, ana yin ido da kunne da hanci ga wanda hatsari ko cuta ta raba shi da nasa. Mu a yankin nan da cutar noma mai cin fuskar yara take, har akwai asibiti guda a Sokoto da aka buɗe saboda ita tun 1999 kuma sai a Disambar 2023 hukumar lafiya ta duniya ta saka ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, bai kamata ace masu wannan ƙwarewar ana neman su da fitila ba.

Kwamfuta ta shigo aikin sosai, yanzu akwai likitocin da basa ɗaukar awo da aljinet sai da sikana, su turo maka bakin ta intanet ka zana haƙorin a manhaja irin exocad ko 3Shape, inji ya sassaƙa shi daga dunƙulen wani farin abu mai kama da tangaran da ake kira zakoniya a gasa a zafin da ya kai wajen digiri 1500. Ka koya, ko a lokacin hutu ne ka nemi lab ɗin da yake da kayan a Abuja ko Legas ko Kano ka roƙi a barka ka zauna. Amma kada wani ya ce maka sassaƙa ta zama tsohon yayi, wanda bai san siffar turmi da yatsunsa ba a kwamfutar ma shirme zai zana.

Ka kula da lafiyarka tun ranar farko, wannan ba'a cika faɗa wa ɗalibai ba. Duk awon da ya shigo daga bakin mutum ya fito, da yawu wani lokacin da jini, ka saka safar hannu ka wanke ka ɗan tsoma shi a ruwan bilic da aka sirka ka cire kada ya daɗe a ciki, kuma ka je ka yi allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B guda uku ɗin nan ka cika su. Ƙurar da take tashi wajen gurza da goge tana da sinadarin yashi da yake taruwa a huhu ya lalata shi a hankali cikin shekaru kuma baya warkewa, saboda haka takunkumi da tabarau ba ado bane, ruwan robar nan kuma kada ka riƙa murza shi da hannu tsirara yana sa fata ta tsage, ka buɗe taga in kana aiki da shi.

Lokacin IT kada ka nemi inda za'a sa maka hannu a littafi kana gida, ka nemi inda aiki yafi yawa ko da ogan mai faɗa ne, ka zo kafin kowa, ka share, ka wanke filas, ka riƙa tambaya, kuma duk aikin da ka gama ka ɗauki hotonsa ba tare da suna ko fuskar mai shi ba, wannan hotunan su zasu sama maka aiki gaba. In ka gama karatu ka ci jarabawar hukuma za'a rantsar da kai, ka yi shekara guda ta intanshif a asibitin da aka amince da shi, irin asibitocin koyarwa kamar na Malam Aminu Kano ko na Shika ko na Usmanu Danfodiyo da na Maiduguri, guraben basu da yawa saboda haka ka fara kai takarda da wuri kuma wuri fiye da ɗaya, sannan bautar ƙasa in shekarunka basu wuce 30 ba, sai cikakkiyar rajista da lasisin da ake sabuntawa duk shekara. Daga nan ko aikin gwamnati a tsarin albashin CONHESS, ko asibitin kuɗi, ko ka buɗe naka. In naka zaka buɗe ka tambayi hukuma sharuɗɗan rajistar wurin, kuma ka fara da aikin roba domin gas da tukunya da ƙaramin injin gurza da ɗan sola sun ishe ka, tanderun tangaran ka bari sai ka samu wutar da ka yarda da ita, in Nepa ta ɗauke ana tsakiyar gashi aikin ya tafi.

Wata magana da bana so in tsallake, aikinka a kan modal yake, cikin baki na likita ne. Mutane zasu same ka har gida, Malam don Allah ɗan cire min wannan, Hajiya tana so a kifa mata haƙorin Makka, kuma kuɗi a hannu. Kada ka yarda. Na sha ganin abinda yake ƙarƙashin irin waɗannan hulunan da aka kifa babu awo babu duba, abinci ya taru dasashi ya kumbura lafiyayyen haƙori ya ruɓe a ɓoye, kai baka karanci gano cuta ba, ka tura su wajen likita shi zai dawo maka da aikin ta hanyar da ta dace. Shi ma likitan in ya aiko maka da awon da ya yage ko bai fito da gefuna ba, ka kira shi cikin ladabi kace ranka ya daɗe a taimaka a sake ɗauka, gara ya ji haushin minti biyar da ku ɓata sati biyu ku duka.

Wajen kala kuma, da hasken rana ake zaɓa ba da ƙwan lantarki ba, da ɗan allon nan na Vita mai A1, A2, A3 har zuwa D4. Kowa fari tas yake so, amma mutumin da ya shekara 40 yana cin goro in ka dasa masa haƙori ɗaya fari fat a tsakiyar jajaye daga nesa za'a gane na roba ne, ka roƙi likita ya lallashe shi a saka wanda ya yi kama da maƙwabtansa, in ta kama ma ka ɗan shafa masa launi. In kuma baki gaba ɗaya zaka yi, ka ce a tambayi mai shi ko yana da tsohon hoton da yake dariya a ciki, ko na aure ko na fasfon aikin Hajji, a turo maka. Sau da yawa zaka ga ashe tana da wushirya, ko haƙoransa na gaba ɗaya ya ɗan hau ɗaya, toh ka mayar masa da abinsa yadda yake, ka bar 'yar tazarar nan tsakanin 11 da 21 tun a kaki, a gwada a bata madubi ta gani kafin ka dafa.